Malmalar Kaka

Shafa'atu ɗiyar kawuna ce, wato taubashiyata, saboda haka tun tana tatata nake da izinin zaginta, kuma ban taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba. A Furfuri aka haife ta, ni kuwa ina Bungudu, tafiyar da ba ta isa ta sa mutum jin yunwa ba. Ranar da aka kai ta aure Tsafe, gidan Malam Mannir mai sayar da hatsi, na gaya wa dangin miji su duba da kyau tun da rana, don kayan da aka saya ba a mayarwa. Ita kuwa ko a cikin lulluɓi sai da ta lalubo cinyata ta mintsine ni.

Ba kyakkyawa ba ce. Kada wani ya ce don ta sha wuya na ƙara mata hanci. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, irin waɗanda in sun zauna a mota sai an rage fasinja. Abin da Allah ya ba ta, a hannunta na dama ya zuba shi: Shafa'atu ta iya tuƙa tuwo. Na san kowace mace za ta ce ita ma ta iya, kamar yadda kowane namiji ke cewa ya iya noma. Amma tuwon gida daban, tuwon taro daban. Na taro a tukunyar da tunkiya za ta kwanta ciki ake yin sa, da muciya mai tsawon taɓarya, kuma in ka yi sake ƙasan ya ƙone sama na ɗanye. Ita in ta tsaya kan tukunya ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, sai ka ji muciya na bugun gefe kamar kiɗa. In ta zo kwasa, ta tsoma mara a ruwa, ta yanko, ta juya sau ɗaya, malmala ta faɗo sumul kamar ƙwai.

Biki ko suna ko sadakar arba'in, daga Tsafe har Gusau har Bungudu, ita ake aika wa mota. Ni kuwa duk taron da muka haɗu, in na kai loma baki sai in yatsine fuska in ce, "Shafa, akwai gudaji."

"Haƙoranki ne suka zube a ciki, Yaya Tambaya," in ji ta. "Tsince abinki."

Ba a taɓa samun gudaji a tuwonta ba. Ni na sani, ita ta sani.

Tana cikin ganiyarta ciwon dajin nono ya same ta. Wani kullutu ta ji a nonon dama, ta ja bakinta ta yi shiru yadda muka saba, har ya kai ba ya ɓoyuwa. A asibiti a Gusau suka cire nonon gaba ɗaya, suka bi hammata suka kwashe kaluluwar da ke wurin. Sannan aka shiga ƙara mata wani jan ruwan magani wanda ya kakkaɓe gashin kanta, ya baƙanta mata farce, ya sa ko ƙamshin daddawa ta ji sai amai. Daga nan aka tura ta Sakkwato aka gasa wurin da na'ura. Na je duba ta lokacin da kanta ke ƙyalli, na ce ta sunkuyo in duba fuskata in sa kwalli. Ta yi dariya har amai ya taso, sai da aka miƙo mata fo.

A wannan lokaci dangi sun yi abin kirki, ba zan ci amanarsu ba. Mannir ya yi jigila har ya rame. Yayarsa Hajiya Balkisu, wadda ke aure a Samaru ta Gusau gidan wani tsohon ma'aikacin gwamnati, kullum sai kular abinci ta iso asibiti daga gidanta. Mutanenmu sun iya jinyar wanda ke kwance, sun iya zaman makokin wanda ya tafi. Wanda ya tashi bai gama tashi ba, shi ne ba su san inda za su ajiye shi ba.

Da likita ya ce an duba ba a ga sauran ciwo ba, Mannir ya yanka rago, aka tara malamai, aka yi sadaka. Daga ranar aka naɗe tabarmar jinya. Shafa'atu ta warke. An faɗa a masallaci, an ci nama a kai, magana ta ƙare.

Jikinta ne kawai ba a gayyata wurin sadakar ba, don haka bai ji labari ba. Yatsunta suka zama kamar na aro, in ta riƙe allura ba ta san ta riƙe ba. Tafin ƙafarta kullum kamar tana taka ƙaiƙayi. Ƙwayar da aka ce ta riƙa sha kowace rana na shekaru ta sa mata wani zafi mai tasowa daga ƙirji, tana zaune lafiya sai zufa ta karyo mata kamar an watsa mata ruwa. Ga gajiya. In ta yi shara sai ta kwanta. Ga mantuwa, ta shiga ɗaki ta tsaya tana tambayar bango abin da ya kawo ta. In ta ce wash, Mannir ya ɗago kai ya ce, "To, likita dai ya ce kin warke." Ba da faɗa yake faɗi ba. A hankali yake faɗi, kamar mai tuna wa mutum cewa ya riga ya karɓi rabonsa.

Sai hannun dama ya fara kumbura. Da fari zobe ne ya ƙi fita. Daga baya sai da aka kira maƙeri ya datse awarwaron da ta gada wurin innarta. Hannun ya cika tun daga yatsu har kafaɗa, ya yi nauyi, ya yi sheƙi, in ka danna sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Hannun riga ya daina shiga, tela ya riƙa ɗinka mata riga hannu ɗaya na mutum ɗaya na giwa.

Ni na raka ta asibiti. Wata nas mai suna Husaina ta zaunar da mu ta ce kaluluwar da aka cire ita ce magudanar ruwan hannun, yanzu ruwa ya rasa hanya, shi ne ya kwanta. Ta ce ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana lallaɓa shi. Ta ba ta wata safa mai matsewa, ta koya mata tausa daga yatsu zuwa sama, ta ce in za ta kwanta ta ɗora shi kan matashi.

"Abin da na fi so ki riƙe, Inna," in ji nas ɗin, "kada komai ya huda fatar nan. Ko allura a asibiti, ki miƙa musu na hagu. Kada ya ƙone, kada ya ɗauki nauyi, kada ya daɗe a bakin wuta. Ƙaramin ciwo a wannan hannun yana iya zama babba."

Na ce, "Wato amarya aka yi mata. A ajiye ta kan matashi, a yi mata tausa, ba ta girki, ba ta ɗaukar kaya. Sai dai wannan amaryar ta fi uwargida ƙiba."

Nas ta yi dariya. Shafa'atu ba ta yi ba. A mota ta ce min, "Yaya Tambaya, mai tuwo aka ce kada ta je bakin wuta."

Da wata macen ce, da nan za ta zauna. Ita sai ta koma ta hagu. Ta fara da ƙaramar tukunya a wani lungun gida, tana tuƙi kamar yarinyar da ke koyon tuwon ƙasa. Ta zubar, ta ƙona, kaji suka yi ƙiba. Damina ta wuce, aka yi kaka, hannun hagu ya fara jin magana. Ba za ta iya tsayawa kan babbar tukunya daga farko har ƙarshe ba, sai ta riƙa sa mata masu ƙarfi su yi tuƙin fari, ita ta tsaya tana faɗin a ƙara gari, a rage wuta, sannan ta karɓa ta gyara, ta kwashe da hagu. Malmalar ta dawo sumul. Na ci a gidanta na ce akwai gudaji, ta ce in tsince haƙorana. Na yi murna ranar, ko da yake ban gaya mata ba.

Taro na farko da ta fita bayan ciwon shi ne auren Khalid, ɗan Hajiya Balkisu, a Gusau. Tsakar gida cike da mata, matan manya na zaune kan kujeru suna fifita da mayafi. Shafa'atu ta kwashe tuwon shinkafa ya cika manyan kuloli, ana shirin fita da shi wurin maza. Sai ga Hajiya Balkisu ta fito daga falo da ƙamshinta. Ta tsaya tana kallon hannun da ke riƙe da mara.

"Shafa'atu, da wane hannu kike kwasa?"

"Da wanda ya rage, Yaya Hajiya."

"Hannun tsarki? Abincin da za a kai wa manyan garin ga?"

"Na wanke shi da sabulu. Kowa ya gani."

"Ko da ruwan zamzam kika wanke shi, hagu hagu ne." Hajiya ta juya wurin matan da ke kan kujeru, tana murmushi. "Ku yi haƙuri, matar ƙanena ce, ta yi rashin lahiya, amma ta warke. Saura lalaci."

Na ce, "Hajiya, ke da wane hannu kike tuƙa naki? Na ga duka biyun lalle kawai suka sani."

Mata suka yi dariya, har da ita. Abin da ke damun mai barkwanci ke nan, in ya jefi mutum da dutse sai a ɗauka goro ne. Hajiya ta sa aka kwashe kulolin aka kai can ƙuryar gida, aka aika gidan abinci aka sayo dafa-duka a leda. Tuwon nan ba a ba ko mabarata ba, wai kada a ce gidan Alhaji an yi sadaka da abin da aka ƙi. Shafa'atu ta wanke mararta, ta ɗaure a gefen zane, ta zauna a inuwar tankin ruwa har aka tashi. Zufar nan ta karyo mata a wurin, wata mata ta ce, "Dubi yadda take tsatstsafa, a cikin abinci ke nan duk yake zuba."

Magana ta riga mu isa Tsafe. Kafin wata ya mutu ta yi 'ya'ya: wasu suka ce hagu ce, wasu suka ce ciwon yana bin abinci, wasu suka ce ruwan da ke hannun dafi ne. Mota ta daina zuwa. Matan da ta koya wa tuƙi su ake kira yanzu, in sun wuce ƙofar gidanta sai su ƙara sauri. Mannir da kansa ya fara cin tuwo a kasuwa, yana cewa aiki ne ya riƙe shi. Shekara da shekaru aiki bai taɓa riƙe shi lokacin tuwo ba.

Ana nan sai Muzdalifa, matar Mas'udu ɗan farin Shafa'atu, ta sami ciki. Iyayen yarinyar sun baro ƙauyensu na wajen Wonaka saboda 'yan bindiga, suna raɓe a ɗaki ɗaya a Gusau, ba wurin wankan jego, saboda haka aka ce a Tsafe za ta haihu, a nan za a yi suna.

To gidan su Mannir suna da wata al'ada da suka gada. In aka yi jikan fari, ran suna, uwar uban jariri ita ke kwasar malmalar farko da hannunta, ta sa a akushin gado, a kai zaure dattawa su sa albarka su ci. Malmalar kaka suke ce mata. Ba a littafi take ba, ba malamin da ya san da ita, amma matan gidan nan sun fi tsoron rasa ta fiye da rasa gado. Matar da ba ta yi ba, har ta mutu ana cewa, ai wance ba ta kwashi ta kaka ba. Shafa'atu ta tuƙa wa matan gidan tuwon da suka kwashi tasu. Ta daɗe tana jiran tata.

Hajiya Balkisu ta zo Tsafe da cikin ya tsufa, ta zauna kan darduma a ɗakin ƙanenta. Ina nan, na zo kawo kuka da kuɓewa busasshiya.

"Akushin tsohonmu dai hagu ba ta taɓa shiga cikinsa ba," in ji ta. "In hannun ga bai sauka ba kafin suna, ni zan kwasa. Ai ni ma kaka ce."

Shafa'atu ta ce, "Jikana ne, ɗan yaron nan, Yaya Hajiya." Ba ta faɗin sunan Mas'udu, ɗan fari ne.

"Shi ya sa nake neman miki mafita. Mataccen jini ne ya kwanta. Kowa ya san maganin mataccen jini. A kira wanzami shi yi mata ƙaho, a zuƙe shi, a huta."

Mannir ya gyaɗa kai. Ya ce akwai Shehu wanzami, shi ya yi masa ƙaho a baya bara, ya tashi kamar saurayi.

Na ce, "Nas ta ce ko allura kada ta taɓa hannun nan. Da kunnena na ji."

"Nas ta gama nata," in ji Mannir. "Sun ce ta warke, ga hannu kamar turmi. A bar mu mu gwada na iyaye."

"Mannir, in rijiya ta cika ta tumbatsa, ba a fasa gefenta da gatari."

"Ke dai Inna Tambaya ba ki rabo da zance," ya ce yana dariya. Hajiya ma ta dara, ta ce in da baki na tuƙa tuwo da ni aka ba akushin.

Da suka fita na kama Shafa'atu na ce, "Ke baiwata, kin ji abin da nas ta ce ko ba ki ji ba?"

"Na ji. Mantuwata ba ta kai nan ba."

"To?"

"To mi? Na sa safa, na yi tausa, na ɗora shi kan matashi kamar ɗan sarki. Mi ya ba ni? In na bi nas, hannu na nan, Hajiya ta kwasa. In na bi wanzami, ƙila shi sauka ko na yini ɗaya ne. Yini ɗaya nake so, Yaya."

Na sake ta, na tafi juye kuka da kuɓewar da na kawo.

Muzdalifa ta haifi namiji. Washegari da hantsi Shehu wanzami ya zo da zabirarsa. Dattijo ne mai hankali, ba mugu ba, aikin da ya gada yake yi. Ya dubi hannun ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, amma Hajiya ta ce ai shi ya sa aka kira gwani. Ya tsattsaga fatar da aska daga damtse zuwa wuyan hannu, ya kafa ƙahonni, ya zuƙa, ya toshe. Da ya cire, ba baƙin jini ya gani ba. Wani ruwa ne fatsi-fatsi kamar ruwan tsamiya, da ɗan jini a ciki.

"Wanga ba jini ba ne," in ji shi.

"Shi ne dafin," in ji Hajiya. "Alhamdu lillahi, ya fito."

Ruwan bai tsaya ba bayan tafiyar wanzami. Ya yi ta tsatstsafowa daga tsagar, yana jiƙa tsumma, a canza ya sake jiƙawa. Hannun kuwa ya ɗan saki, fatar ta yi taushi, yatsu suka lanƙwasu. Mata suka yi ta shigowa kallo. Mannir ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ina masu cewa nas?" Shafa'atu ta ɗauki mara da hannun dama ta juya ta a iska, ta dube ni tana murmushi. Rabon da in ga wannan murmushi tun kafin a yanka ta.

Kafin ranar suna jan ya fara. Daga bakin tsagar ya taso, ya bazu kamar an shafa mata jan-baki, fatar ta yi zafi, kumburin ya dawo ya fi na da. Zazzaɓi ya rufe ta. Ta ce kada in gaya wa kowa. Na gaya wa Mas'udu, ya ce bari a wuce suna, yanzu gida cike da baƙi, in aka ɗauke ta mutane za su yi magana. Na gaya wa Mannir, ya ce ai haka ƙaho yake, sai ya yi tsami kafin ya yi daɗi.

Ran suna aka raɗa wa yaro Abdulrahman. Mata suka tuƙa tuwo a babbar tukunyar Shafa'atu, da muciyarta. Da ya sulala aka aika a kira kaka. Ta fito sanye da sabon atamfa, ta naɗe hannun da farin ƙyalle har wuyan hannu, ta ja mayafi ta rufe. Tana tafiya tana dafa bango da hagu. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Aka yi guɗa, aka kawo akushin gado, baƙi ƙirin, aka ajiye.

Ta ɗauki mara da dama. Yatsun suka ƙi rufewa, sai ta sa babban yatsa ta danne. Ta tsoma a ruwa, ta kai cikin tukunya. Tuwo mai tururi ya hau bayan yatsunta ya manne, ba ta janye ba, don ba ta ji ba. Mu da ke kusa mu muka ji mata. Ta yanko, ta ɗago, ta juya sau ɗaya. Malmala ta faɗa cikin akushi sumul.

Sai wani ɗigo ya biyo ƙasan ƙyallen, ya gangaro ta wuyan hannu, ya faɗi a gefen akushi. A gefe, ba a kan tuwo ba. Ina tsaye a wurin, idona bai mutu ba tukuna.

Hajiya Balkisu ta matso da fara'a. "Sannu kaka, sannu. Kawo in kai musu da kaina." Ta rufe akushin da faifai ta nufi zaure. Shafa'atu ta zauna daɓas kan turmi, fatar yatsunta ta tashi ta yi bororo, mata na zuba mata ruwa.

Na bi bayan Hajiya. Ba ta shiga zaure ba. Ta karkata wajen turken awaki, ta juye malmalar a kwatarniyarsu, ta ɗauraye akushin, ta ɗebo wata malmalar daga cikin kula ta sa, ta rufe.

Na ce, "Da dama ta kwasa, Balkisu. Abin da kika ce ke nan."

"Kin ga abin da ke ɗiga daga hannun ga? Ni in ba dattawa ruwan ciwo?"

"Wa ya kira wanda ya huda shi?"

"Ni taimako na yi," in ji ta, ta gyara mayafi ta shiga zaure. Na ji dattawa na cewa Allah ya yi wa kaka albarka.

Kafin la'asar Shafa'atu ta daina gane mutane. A motar da ta kawo 'yan suna daga Gusau aka mayar da ita can. Nas Husaina ta kwance ƙyallen, ta dubi tsagar, ta dube mu. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Wa ya yi wannan?" Mannir ya ce mata ne suka matsa. Hajiya ba ta zo ba, amma kular abincinta ta iso a kan lokaci, don Shafa'atu ta koma kwance, ta koma irin marar lafiyar da suka iya.

Ta daɗe a asibiti ana ɗura mata magani ta hannun hagu. An ceci ranta, an ceci hannun, in ana kiran wannan ceto. Ya fi da girma, fatar ta yi tauri kamar ƙirgi, yatsun da suka ƙone sun warke a sanƙare, ba sa rufewa ko kaɗan.

Ranar da hankalinta ya dawo, ni ce a gefen gado. Ta ce, "Sun ci?"

"Sun cinye tas. Har suna lashe akushi."

"Da ana fita da ni na ga jar akuyar Malam da tuwo a gemu," in ji ta. "Ita ma dattijuwa ce, ba laifi. Ta sa albarka?"

Na ce ta sa, har ta nemi ƙari.

Yanzu tana nan Tsafe a ɗakinta. Babbar tukunyar tana gidan wata da ta koya wa aiki, an ce aro ne. Muciyar kuwa da ita ake tokare ƙofar awaki. A cikin dangi an kasu biyu: masu cewa ta kwashi ta kaka, da masu cewa ba ta kwasa ba tunda ba a ci ba. Hajiya Balkisu tana cikin masu cewa a bar maganar, ai abin ya wuce. Abdulrahman ya fara rarrafe, in ya nufi kakarsa sai a ɗauke shi, wai kada ya fama mata hannu. In baƙo ya shigo ya ce, "Ashe jiki ya yi sauƙi," takan ce, "Haka likita ya ce."

Kwanan baya na je. Na tarar ta ɗora 'yar ƙaramar tukunya, ta tokare ta da ƙafa, tana tuƙi da hagu, tana hutawa, tana sharce zufa da kafaɗa. Ba mai riƙe mata tukunya, ga gajiya ta ƙaru. Ta kwasa ta miƙo min da hagu, na karɓa. Na kai loma baki, na ji abu ya tsaya min a dasashi, ƙulli-ƙulli na ɗanyen gari. Na rasa yadda zan yi. In na yi shiru ta gane, in na yaba ta gane. Sai na yatsine fuska yadda na saba.

"Shafa, akwai gudaji."

Na jira ta ce in tsince haƙorana. Ta dubi kwanon, ta sa yatsa ta murje ɗaya a gefe.

"Akwai," ta ce. "Ci a hankali, Yaya."